Sunanta a Kan Kowane Layi

A gida Auta ake ce mata. A ofis kuwa Sabuwa, don ita ce ta ƙarshe da aka ɗauka, ɗaukar ma ta gwaji ce: a ga kamun ludayinta na 'yan watanni, in Oga ya gamsu ta zauna, in bai gamsu ba ta kama gabanta. Abin da ke cin ranta ke nan tun ranar da ta fara hawa matattakalar ofishin, domin ba ta da digiri, ba ta da wata takarda mai hatimi da za ta kai wani wuri. In aka sallame ta, shagon Yaya za ta koma.

Shagon Yayan na buga takardu ne da fotokwafi. Nan ta yi shekaru bayan ta gama sakandare, tana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki, tana zaro takardar da ta maƙale a inji da farce. In babu kwastoma sai ta ja kujera bayan injin, ta toshe kunne, ta kalli bidiyon masu koyar da rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don a gina manhaja. Manhajarta ta farko a waya ta rubuta ta, da manyan yatsu biyu, gilashin wayar ma a tsage. Da Yaya ya gaji da ganinta tana ƙanƙance ido sai ya jawo tsohuwar laftof ɗinsa daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Ungo, kafin ki makance a ce ni ne." Laftof ɗin nan, in ka zare mata caji ko na ƙiftawar ido ne sai ta mutu. Maɓalli ɗaya kuma ya ɓalle, sai dai ka danna ɗan robar da ke ƙasa. Da ita ta koyi duk abin da ta iya.

A fili Auta ba ta da hayaniya, gaisuwa ma a ciki-ciki take yin ta. A intanet kuwa wuta ce. Akwai wani zaure na masu rubuta kod da take ciki, kuma babu abin da ake kai ruwa rana a kai a zauren nan kamar tambaya ɗaya: wace IDE ce ta fi? Ga wanda ba ɗan harka ba, IDE manhaja ce da mai rubuta kod ke zama a cikinta ya yi aikinsa, kamar yadda tela ke zama gaban kekensa. A ciki ake rubutu, a ciki ake gwada abin da aka rubuta, ita ke ja maka jan layi in ka yi kuskure. Suna da yawa, kowace da mabiyanta. Auta ta sauke kusan duka, ta goge kusan duka, kuma duk wadda ta goge sai ta shiga zauren ta yi mata wankin babban bargo. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa yabon tasa, ta bi shi da amsa har ya fice daga zauren da ƙafarsa.

Ofishin da ya ɗauke ta ɗaki ne babba a saman wani shagon sayar da taya, sai ƙaramin ɗakin Oga mai ƙofar gilashi. Abin da suke yi manhaja ce ta ƙananan asibitoci: a rubuta wa mara lafiya ranar ganin likita, a tura masa saƙon tuni a waya. Manhajar ta tsufa, kuma mutum biyu ne suka gina yawancinta. Akwai Dogo, mai yawan barkwanci da saurin tashi in lokaci ya yi. Akwai Gemu, wanda ya girme wa kowa, ba ya juyowa in yana magana. Sai Anti, wadda ke ɗaukar waya in asibitoci sun kira da ƙorafi, ta kuma raba wa kowa nasa gyaran.

A ofishin ba a kiran IDE da sunanta na gaskiya. Ta Dogo, Giwa ake ce mata, don babu abin da ba ta yi, amma sai kwamfuta mai ƙarfi ke ɗaukarta. Ta Gemu kuwa Baƙin Allo: ba hoto, ba abin dannawa, komai da maɓallai, in ka shiga ba ka ma san yadda ake fita ba. Ranar farko Auta ta sa Giwa a laftof ɗinta don kar a ce ta zo da iyayi. Fankar ciki ta ɗauki kuka, ƙasan laftof ɗin ya yi zafi kamar dutsen guga.

Dogo ya leƙo ta saman allonsa. "Sabuwa, jirgin naki tashi zai yi ne? Mu matsa?"

"Lodi take yi."

"Tun ɗazu? Allah ya sauke ta lafiya."

Gemu bai juyo ba. "Ki zubar da kayan yaran nan, ki zo in koya miki aiki da hannu."

"Malam, ni fa ba na son abin da sai na yi hadda kafin in rufe shi."

Makon farko kusan duk a zaɓe ya tafi. Ta sauke wannan, ta ga tana cin data. Ta sauke waccan, ta ga launukanta na sa mata ciwon kai. Wata ta yi mata komai, sai dai in ta danna maɓallin nan da ya ɓalle sai ta rubuta harafin sau biyu. Anti ta wuce ta bayanta da kofin shayi ta ce, "Ke aiki kika zo yi ko zaɓen kaya?" A ƙarshe ta dace da wata mara nauyi, kana taɓa ta ta buɗe, fanka ko tari ba ta yi. Dogo ya raɗa wa wannan suna Tsuntsuwa. Auta ta zauna ta gyara mata launi, ta gyara girman rubutu, ta shiga zaure ta sanar da duniya cewa an gama musu, ita ta samo wadda ta fi.

Aikin farko da Anti ta ba ta ƙarami ne. In sunan likita ya yi tsawo, saƙon tunin da ke zuwa wa mara lafiya sai ya yanke shi a tsakiya. Gyaran layi ɗaya ne. Da ta buɗe kod ɗin ofis a cikin Tsuntsuwa sai wani ɗan akwati ya fito a ƙasan allo, wai tazarar layukan nan ba ɗaya ba ce, a daidaita? Kuma gaskiya ce. Masu rubuta kod suna tura wasu layuka ciki don a ga tsari. Dogo da maɓallin tab yake tura nasa, Gemu da sarari biyu, shekara da shekaru kowa na yin nasa, layukan sun karkace kamar haƙoran zarto. Kwamfuta ba ruwanta da wannan, aikinta take yi. Idon Auta ne ke da ruwa. Yarinyar da ta yi shekaru tana daidaita gefen takardun mutane ba za ta ga haka ta wuce ba. Ta danna eh. Tsuntsuwa ta bi fayiloli kaf, ta miƙe kowane layi.

Ta yi gyaranta na layi ɗaya, ta haɗa komai ta tura ma'ajiyar kod, inda aikin kowa ke taruwa. Dokar ofis ita ce sai wani ya duba kafin a karɓa, kuma ranar Dogo ne mai dubawa. Lokacin tashi ya yi, jakarsa na kafaɗa, matarsa na kan waya.

"Gyaran sunan likitan nan ne ko?"

"Shi ne, amma na ɗan daidaita..."

"Ba damuwa." Ya sunkuya a tsaye ya danna amincewa, ko buɗewa bai yi ba, ya yi ƙasa.

Ranar taron farkon mako Oga ya haska wani zane a bango, mai nuna yawan layukan da kowa ya taɓa, kowa da sandarsa. Sandar Dogo gajera, ta Gemu gajera, ta Auta ta fasa rufin zanen. Oga ya dube ta ta saman tabarau.

"Kun ga sabon jini ko?"

"Yallaɓai, tazara ce kawai aka daidaita, ba rubutu na..."

"Ga tawali'u kuma." Ya wuce magana ta gaba.

Ta dubi Dogo, don shi ya san yadda aka yi. Dogo ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau aka sa shi.

A nan masifar ta fara. Ma'ajiyar kod tana riƙe sunan wanda ya taɓa kowane layi na ƙarshe, kuma ko a Giwa ko a Baƙin Allo, in ka tsaya a kan layi za ka iya ganin sunan a gefe. Da wannan Anti ke raba ƙorafi tun fil azal: a nemo layin da ke kawo matsala, a duba suna, a miƙa wa mai shi. To yanzu duk layin da ka taɓa, sunan Auta ne. Kod ɗin da aka rubuta tana firamare, sunanta. Kod ɗin wani ma'aikaci da ya bar aiki tun kafin a ɗauki Anti, sunanta. Daga farkon manhajar har ƙarshenta, ita kaɗai ce a rubuce.

Ƙorafin farko, wani asibiti ya kira wai marasa lafiyar da aka ba ranar ƙarshen wata saƙo biyu ke zuwa musu. Dogo ya nemo layin, ya juya allonsa ga Anti yana danne dariya.

"Na Sabuwa ne."

Auta ta taso. "Haba Dogo. Ka san ba ni na rubuta wannan ba."

"Ni ban san komai ba. Abin da Giwa ta nuna mini na faɗa."

"Ka koma baya kaɗan a tarihin layin mana, za ka ga mai shi."

"Ina da aiki, ƙanwata."

Anti ta riga ta rubuta. "Sunanki ne a kai. Ki duba musu kafin su sake kira, matar nan ta asibitin ba ta da haƙuri."

Ta duba. Rubutun Gemu ne sak, ko makaho ya shafa ya san nasa ne, kalmomi a gutsure ba bayani ko ɗaya. Ta yini tana warwara kafin ta gane inda zaren ya ƙulle. Kafin ta gama wani ya shigo: likitan da ya tafi hutu har yanzu ana tura masa mutane. Sunanki ne a kai. Sai wani: in lambar waya ta fara da alamar ƙari, saƙo ba ya tafiya. Sunanki ne a kai. Abin haushin ba wai ba su sani ba ne. Kowa a ɗakin nan ya san yadda aka yi, Anti ma ta sani. Komawa baya a tarihin layi dannawa biyu ce kacal. Babu dai wanda yatsansa ke da wannan ƙarfin.

Ba a jima ba Oga ya haska wani sabon zanen, wannan karon na yawan ƙorafi a kan kowa. Sandarta ta sake fasa rufi. Ya dubi zanen, ya yi ɗan rubutu a wayarsa. Gwajin Auta saura kaɗan, kuma abin da mutumin nan zai tuna da ita ke nan.

Da yamma ta biya shagon Yaya, ta zauna kan kwalin takardu tana huci. Yana jera wa wani ɗalibi shafuka, yana saurarenta da rabin kunne.

"To ki goge sunan mana."

"Ba ya goguwa, Yaya."

"Ki mayar musu da kayansu a karkace yadda kika same su."

"In na mayar, wa ya mayar? Ni. Wa ya taɓa layin na ƙarshe? Ni. Sunana zai sake hawa, sau biyu ke nan."

Yaya ya tsaya da takarda a hannu, sai kuma ya tuntsire da dariya har da riƙe tebur. "Wato kin shiga gidan mutane kin yi musu shara, yanzu duk abin da ya ɓata ke ce."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani, Autar Mama. Ai kujerarki na nan, ban ba kowa ba."

Ya faɗa ne don ya kwantar mata da hankali. Ita kuwa ji ta yi kamar ya watsa mata ruwan zafi. Ta dubi kujerar a bayan inji, da matashinta da ya lotsa, ta ɗauke kai.

A bas ɗin komawa gida ta haɗiye girman kai ta shiga zaure ta rubuta abin da ya faru, ta ce wata ƙawarta ce. Ba wanda ya yarda. Na farko ya ce, "Ƙawar taki ita ma Tsuntsuwa take amfani da ita?" Na biyu ya nemo tsohon rubutunta na ranar da ta ce an gama musu, ya manna a ƙasa, bai ƙara ko harafi ba. Daga nan zance ya bar kanta ya koma inda ya saba, masu tab da masu sarari suka kaure, mabiya wannan IDE suka far wa mabiya waccan. Ta yi ta gungurawa tana tsaki har matar da ke kusa da ita ta matsa. Can ƙasa, cikin tarkacen, wata da ba ta cika magana ba ta rubuta abu mai amfani: ana iya gaya wa ma'ajiya ta tsallake wannan gyaran tazarar da aka tura in za ta nuna suna, sai ainihin masu layukan su dawo. Sharaɗi ɗaya ne, kowa sai ya kunna abin a kwamfutarsa.

Ta gwada a tata, ya yi. Sunayen Dogo da Gemu suka dawo reras. Washegari ta riga kowa zuwa, ta jira suka zauna, ta fara da Dogo.

"Saiti ɗaya ne. Minti nawa ne."

"Giwar tawa? Kin san shekara nawa na yi ina lallaɓa ta kafin ta zauna haka? In taɓa ta rikice, ke za ki gyara?"

"Ba cikinta za ka taɓa ba ma."

"Bari in gama abin da nake yi." Abin da yake yi kuwa kallon ƙwallon jiya ne a waya.

Ta koma wajen Gemu, ta ɗan rusuna. "Malam, don Allah layi ɗaya za ka ƙara."

"Saitina ba a taɓa shi. Tun ba ki san kwamfuta ba yake haka."

"Malam, ƙorafin nan fa rabi naka ne."

A karon farko Gemu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya dube ta, ba faɗa ba wasa. "Yarinya, in faɗa miki gaskiya? Tun da na fara aiki a nan ban taɓa samun kwanciyar hankali irin ta 'yan kwanakin nan ba. Har na fara karatun da na daɗe ina son yi." Ya juya abinsa.

Ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Da a zaure ne da tuni ta rubuta masa shafi guda. A nan kuwa sai ta koma ta zauna, ta buɗe ƙorafi na gaba.

A taron da ya biyo baya ne ta fashe. Anti na karanto sababbin ƙorafi, duk wanda ta karanta sai ta ce na Sabuwa, Dogo na gyaɗa kai kamar mai amsa addu'a. Auta ta jawo laftof ɗinta da cajinta da komai, igiyar ta kusa kwashe kofin Anti, ta dire a gaban Oga. Ta nuna masa layi da sunanta, ta kunna saitin, ta nuna masa layin da sunan Gemu. Ta nuna wani, Dogo. Ta ce ita ta yi kuskure ta danna abin da ba a sa ta ba, ta yarda, amma akwai wanda ya amince bai duba ba, kuma maganin abin yana hannu, mutane sun ƙi sha.

Oga ya cire tabarau ya murza ido.

"Na gane matsalar. Kowa da tasa IDE, kowa da nasa tsarin. Daga yau kowa ya koma Giwa, saiti ɗaya, tazara ɗaya. Shi ke nan."

Gemu ya miƙe a hankali. "Ni? Giwa?"

"Kowa, Malam."

"Yallaɓai," in ji Auta, "ba wannan ba ne..."

"An gama."

Batun saitin da ta zo da shi ko ta kansa bai bi ba. Ta fito neman a cire sunanta, ta koma da sunanta a inda yake, ga Gemu ya daina amsa gaisuwarta, ga Dogo na kumbura don ta tona shi a gaban Oga, ga kuma doka ta koma Giwa da laftof ɗin da ba ta iya ɗaukarta. Anti ce kaɗai ta matso da za a tashi ta ce mata a hankali, "Kin yi gaskiya. Amma da kin bari sai an tabbatar da ke." Auta ta ce ta gode, ta sauka, ta tsaya gaban shagon taya ta rasa ma wace hanya za ta bi.

Ranar da gwajin ya cika Oga ya ƙwanƙwasa gilashin ƙofarsa ya yafito ta. Ta shiga ta zauna a bakin kujera. Ta riga ta kwashe 'yan kayanta daga durowa tun safe, don kar ta yi kwasar a gaban mutane.

"Za ki zauna," in ji shi.

Ta ɗago.

"Tsohuwar manhaja taki ce daga yau, duka. Dogo da Malam za su koma kan sabuwa ta waya da za mu fara."

Sabuwar ta waya ita ce abin da take mafarki tun ranar da ta ji ana zancenta. "Yallaɓai, ka dai san ba ni na rubuta layukan nan ba."

"Na sani tun ranar farko. Ni ma na rubuta kod kafin in zauna a kujerar nan. Wa ke rubuta manhaja guda a yini ɗaya?"

"To me ya sa..."

"Kafin ki zo, in na tambaya wannan na wane ne, Dogo ya nuna Malam, Malam ya nuna wanda ya bar aiki. Ƙorafi ya yi ta zama har asibiti ya gaji ya daina kira. Yanzu akwai suna. Ana gyarawa. Me zai sa in taɓa?"

Ta dube shi. Wato duk kwanakin da ta yi tana fargabar kora, mutumin nan na zaune bayan gilashi yana kallo, abin ya yi masa daidai. Maganganu suka zo mata, irin waɗanda take rubutawa a zaure, masu sa mutum ya kashe waya. Ta tuna ba ta da inda za ta kai su. Ta danne, ta danne, sannan ta ce, "In tawa ce, ina da sharaɗi."

Ya ɗaga gira.

"Ba wanda zai taɓa ta sai na sani. Kuma in na tambayi wanda ya rubuta abu me yake nufi, sai ya zauna ya yi mini bayani. Ba anjima ba, ba gobe ba."

"Wannan daidai ne. Zan faɗa musu."

"Sai kwamfutar da za ta ɗauki Giwa."

"Akwai ta teburin kusa da ƙofar bayi. Ba mai amfani da ita."

Ba haka ta so ba, amma ta miƙe. A matattakala ta kira Yaya. Ya yi ta murna yana faɗa wa kwastomomi ƙanwarsa ta zama ma'aikaciya, ya ce zai kira Mama yanzu-yanzu. Da ya ji ba ta taya shi murna ba ya ce, "Ke lafiya? Ba abin da kike so ke nan ba?" Ta ce shi ne. Ta ce za ta yi masa bayani in ta zo.

Ta koma sama ta mayar da kayanta, wannan karon a durowar teburin kusa da bayi. Kwamfutar ta yi ƙura, ta goge da gefen mayafinta. Kafin ta gama zama Anti ta ajiye mata ƙorafi: wani asibiti ya ce in mara lafiya ya soke zuwa, ranar ba ta komawa hannun wani. Ta nemo wajen, wani dogon abu ne mai rassa, a murɗe kamar igiyar da aka jefa a jaka. Ta koma baya a tarihinsa, ta ga mai shi.

"Dogo."

Bai cire abin kunne ba, sai da ta sake kira.

"Wannan da ka rubuta a wajen soke zuwa, me yake yi?"

Ya leƙo daga nesa. "Kai, wannan ai ya daɗe. Wallahi ban tuna ba."

"To zo ka tuna."

Ya yi 'yar dariya, ya dubi Gemu ko zai taya shi. Gemu na can yana faɗa da Giwa, yana neman inda ake kashe wani akwati da ya fito masa. Dogo ya dubi ƙofar gilashi. Oga na kallonsa, ya nuna masa teburin Auta da haɓa.

Dogo ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ajiye wayar a kife, ya jawo kujerarsa tana ƙara a kan tayil har gefenta.

"Daga ina?"

"Daga sama," in ji ta. "Layi na farko."